Dajin da Aka Ce Mana Sannu

Ni ban yi boko ba. Yadi na sani. In na murza shi a tsakanin yatsuna na san ko zai koɗe ko zai jure wanki. Shekara da shekaru ina zuwa Guangzhou, wanda mu 'yan kasuwa muke kira Gwanzu, ina sarin abaya da mayafai da kayan yara ina kaiwa Kano. Abin da ba na iyawa shi ne karatu da Turanci. Shi ya sa nake tafiya da ƙanina. Shi ne autanmu. Ya gama sakandare, yana jin Turanci, shi yake karanta min takardun kaya, shi yake magana da ma'aikata a filin jirgi.

A shekarar da nake magana ba mu daɗe da fitowa daga hannun mutanen daji ba. Ba zan ja zancen ba. Mun taso daga Kano za mu garinmu duba Inna, mahaifiyarmu, suka tare motar. A kan babura suka zo, fuskokinsu a rufe. Suka shiga da mu. Damina ta same mu a can, ta tafi ta bar mu a can, sannan aka karɓo mu. Ni na fito da ƙafa ɗaya da ba ta son sanyi. Shi ya fito jikinsa lafiya, maganarsa ce ta ragu.

Kano aka kawo mu. Gida ya cika da masu jaje. Ni ake zagayewa: sannu Hajiya, sannu, Allah ya kiyaye gaba. Shi kuwa in maza sun shigo sai su dafa kafaɗarsa su ce, "Kai namiji ne, sai ka daure." Ya daure. Ya daina zama majalisa, ya daina cin abinci da mutane. An kawo Inna ta gan mu, ta koma, don ita ba ta iya zaman birni. Bayan nan jikinta ya yi rauni, mota ta gagare ta. Ni na sake bin hanyar na je na gan ta. Shi bai je ba.

Da zan dawo Gwanzu na taho da shi kamar yadda muka saba. Ya ɗan sake a nan. Garin ba shi da inda ido zai faɗa kan duhun bishiya, sai bene da gada da mutane. Yana cin abinci, har na ji dariyarsa sau ɗaya da wani mai shago. Inna kuma tana turo min saƙon murya ta wayar maƙwabta. Maganarta ɗaya ce kullum: "In kun dawo ki kawo min autana in gan shi. Kar ki zo ke kaɗai." Na ce mata to.

Muna cikin kasuwar Kanan, ana ɗaure mana dila, ya ce da ni, "Yaya, ni ba zan koma ba."

Na ce, "Ina?"

"Gida."

Wani ɗan garinmu ne da ke nan Gwanzu ya yi masa alkawarin aiki a sito, jera kwalaye. Bizarmu ta kusa ƙarewa. Na san yadda waɗanda tasu ta ƙare suke zaune a garin nan. Ba sa fita sai da dube-dube, ba sa zuwa asibiti, in an buga ƙofa gabansu ya faɗi. Na san wanda uwarsa ta rasu yana nan, ya yi zaman makoki shi kaɗai a ɗaki.

Na ce, "Inna fa?"

Ya ce, "Ki gaishe ta."

Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, "Hanyar nan ba zan sake binta ba, Yaya. In ina Kano za ta ce in zo, ni kuma ba zan iya ce mata a'a ba. In ina nan ina da uzuri."

 Na ce wa mai ɗaurin ya ƙara igiya.

Akwai wani ɗan Maraɗi da yake yi mana lodin kaya. Ya daɗe a Gwanzu, yana da mota, yana da lasisin ƙasar. Bakinsa ba ya hutawa. Ranar da kwantenarmu ta tafi tashar jirgin ruwa ta Nansha ya ce min tunda aiki ya ƙare, jirginmu kuma da saura, mu zo ya kai mu shan iska. Ya ce akwai wani gandun daji na gwamnati a arewa da gari, da motarka kake shiga, waya tana yi maka bayanin duk abin da ka wuce.

Na ce, "Daji ne sosai?"

Ya ce, "Daji baƙi ƙirin, Hajiya. Da duwatsu da ruwa."

Na ce za mu je. Na ce amma a gaban ƙanina kar ya ce daji, ya ce lambu.

"To don mi?"

"Kai dai ka ce lambu."

Bai san labarinmu ba, ni kuma ban gaya masa ba. Tunanina shi ne, in yaron nan ya shiga daji ya fito ba abin da ya same shi, ƙila hanyar gida ta yi masa sauƙi. Iya dabarata ke nan. Ni kaina na ɗauka na warke.

Da safe na shirya. Sai da na fito bakin titi na lura da abin da na saka. Tsohuwar atamfa, hijabin da ya sha jiki, ba zobe, ba ɗan kunne, ga takalmin roba mai maɗauri wanda ba ya fita in ana gudu. Haka muke shiri in za mu bi hanyar garinmu, don kar a ga alamar kana da abin hannu. Ba wanda ya ce in yi, hannuna ne ya ɗauko su.

Ɗan Maraɗi ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Kai! Lawban guda, uwar ɗakin Sinawa, yau kin yi shiga kamar za ki surfe?"

Lawban shi ne maigida a bakin mutanen nan, haka masu shago suke kirana. Na ce ya buɗe min ƙofa ya bar surutu. Ƙanina ya dubi takalmina. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya shiga baya ya zauna, ni ma na zauna kusa da shi.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa. Benaye suka ragu, gonakin 'ya'yan itace suka fara, daga nan sai tsaunuka. A bakin shiga akwai wata budurwa a ɗan ɗaki. Ta nuna mana wani ɗan zane mai baƙi da fari da ake haska wa waya, ta ce muryar iri biyu ce, ta Sinanci da ta Turanci.

Ɗan Maraɗi ya ce mata, "Faransanci fa?"

Ta ce, "Meyo." Wato babu.

"Hausa fa?"

Ta yi dariya ba ta ma san me ya ce ba. Ya juyo ya ce mana shi Sinancinsa na kasuwa ne, kwali nawa, yaushe za a kawo, ya yi tsada. Sunan itace bai sani ba ko ɗaya. Don haka aka ɗauki Turanci, aka haɗa wayar ƙanina da lasifikar motar, fassara ta hau kansa. Budurwar ta ce muryar ta san inda mota take. Duk wurin da muka isa za ta yi maganar wurin. Hanyar kuma zagaye ce, ba a juyowa, sai an fita ta inda aka shiga.

Muka shiga. Ba mu yi nisa ba bishiyoyi suka haɗe a saman titi, rana ta ɓace. Sanyi ya shigo, ƙafata ta fara amsawa.

Ƙanina ya ce, "Yaya, wannan ba lambu ba ne."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Kin sani."

Sai wata 'yar ƙara ta yi kamar an taɓa kofi da cokali, muryar mace ta fara magana a hankali. Na ce masa, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce barka da zuwa."

Ɗan Maraɗi ya ce, "Barka kadai, baiwar Allah. Ina gajiya? Ina mutan gida?"

Ba wanda ya yi dariya. Ni idona yana kan gefen titi. Duk inda ciyawa ta kwanta ina dubawa, duk inda wata 'yar hanya ta ratse cikin itatuwa ina dubawa.  Na ji kaina ina ce wa ɗan Maraɗi, "Ɗaga gilas." Ya ɗaga. Na ce, "Ba ta wuta."

"Hajiya, shan iska munka zo."

"Na ce ka ba ta wuta."

Mu a wajenmu doka ce, kowane direba ya san ta. Ba a tsayawa a daji. Ba a rage gudu, ba a kula mai ɗaga hannu, ko fitsari ne ya matse ka sai an fita. Ɗan Maraɗi ya taka mota.

Matar nan kuwa ba a yi ta don masu gudu ba. Tana fara maganar wuri sai mu isa na gaba, ƙarar ta sake yi, ta yar da wancan zancen ta kama sabo. Ƙanina yana fassara yadda ta zo masa, muryarsa a ƙasa.

"Ta ce a hagunku akwai bishiyar da ta fi..."

Ƙarar ta yi.

"Ta ce ruwan da kuke gani a ƙasa, shi ne wanda..."

Ƙarar ta yi.

"Ta ce in kun duba saman dutsen nan..."

Ɗan Maraɗi ya ce, "Bon. Ta fi mi? Shi ne wanda mi? Ku 'yan Najeriya, ko yawo kunka zo sai kun maida shi tsere. Baiwar Allah na magana kuna take mata baki."

Na ce, "Kai dai tuƙa."

Akwai wurare a gefen titi da aka share don ajiye mota. Na ga mutane a can. Wasu sun shimfiɗa leda suna cin abinci da yaransu. Wata tsohuwa ta juya wa daji baya ana ɗaukarta hoto. Wani ya kwanta a kan benci ya rufe fuska da hula. Na kasa gane yadda mutum zai kwanta a nan ya rufe ido.

Ƙarar ta sake yi. Matar ta yi magana, ƙanina ya ce, "Ta ce in kun tsaya a nan kun kashe mota, za ku ji..."

Muka wuce. Ta kama wani zancen.

Can sai na ji babur a bayanmu. Ƙanina ma ya ji, don na ga wuyansa ya ƙage. Na waiwaya. Mutum biyu a kan babur ɗaya, fuskokinsu a rufe har ƙasan ido, na bayan ya rataya wani dogon abu a kafaɗa. Suka zo daidai mu, suka wuce gabanmu, na bayan ya ɗaga hannu.

Ɗan Maraɗi ya taka birki.

Na ce, "Kar ka tsaya! Taka!"

Ya ce, "Ma'aikata ne, Hajiya. Kina so a amshe min lasisi?"

Ya tsaya. Kafin motar ta gama tsayawa ƙanina ya zame ƙasa tsakanin kujeru, goshinsa a kan tabarmar mota, hannuwansa biyu a ƙeya. Haka mutanen daji suka koya mana. Ni na buɗe ƙofa na fita, na rufe ta, na jingina bayana da ita. Ba a kallon fuskarsu, don haka ƙasa na kalla. Na ce da Hausa, "Ni kaɗai ce. Ba kowa a ciki."

Na ga takalma suna matsowa. Takalman ruwa ne, a wanke. Na ɗan ɗaga ido. A jikin babur ɗin an rataye gorar shayi, ganye yana yawo a ciki. Dogon abin da ke kafaɗar na bayan sanda ce mai faffaɗan kai, irin wadda ake kashe wutar daji da ita. Ya ja ƙyallen fuskarsa ƙasa. Dattijo ne, da tabarau, haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Ashe saboda rana da ƙwari suka rufe fuska.

Ya nuna motar, ya nuna titi, yana danna tafin hannunsa ƙasa yana cewa, "Man-man. Man-man."

Na san kalmar. In za ka fita daga shago suna faɗa maka ita, wato ka tafi a hankali. Gudu muka yi, shi ke nan laifinmu.

Ɗan Maraɗi ya sauke gilas duka yana ba da haƙuri. Dattijon ya sunkuya zai yi masa magana, sai idonsa ya faɗa baya. Ya ga babban mutum a ƙasa da hannuwa a ƙeya. Ya dube ni, ya dubi yadda na tare ƙofa. Ban san me ya gane ba. Ya dai matso tagar baya, ya rage murya, ya sake faɗar kalmar tasa.

Daga ƙasan kujera ƙanina ya ce, "Me ya ce?"

Ɗan Maraɗi, wanda shi ma ya rikice, ya ce, "Ya ce sannu. Sannu-sannu, ya ce."

Ƙanina ya sauke hannuwansa. Ya ɗago kai ya dubi dattijon. Dattijon ya gyaɗa masa kai.

Ƙanina ya ce, "Yauwa."

Sai kuka. Duk zamanmu a hannun mutanen daji ban ga hawayensa ba, ko ranar da aka doke shi a gabana. A nan ya yi shi, da sauti, bakinsa a buɗe, yana riƙe da bayan kujera.

Ɗan Maraɗi ya ce, "A'a, ɗan'uwa, ba wannan sannun ba, nufinshi mu rage gu..."

Na leƙa ta taga na ce, "Rufe bakinka."

Ya rufe.

Dattijon ya tsaya yana kallo. Sannan ya koma wajen babur, ya kwance gorarsa, ya zuba shayi a murfin, ya miƙa ta taga. Ƙanina ya karɓa da hannu biyu ya sha. Ɗayan ma'aikacin, wanda ya fi ƙuruciya, bai kula da wannan ba. Ya zagaya wajen ɗan Maraɗi ya yi ta masa faɗa yana nuna allon gefen titi, ɗan Maraɗi yana ta shiye-shiye, wato godiya. Dattijon ya karɓi murfinsa ya yarfe shi, suka hau babur suka tafi.

Na koma cikin mota. 

Ɗan Maraɗi ya ce, "Hajiya, mi ke nan?"

Na gaya masa a taƙaice. Ya yi salati, ya kifa kai a kan sitiyari. Ya ce, "Da kin gaya min, wallahi da kasuwar kifi na kai ku." Sannan ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Sannu, ɗan'uwa. Sannu ƙwarai. Ke ma Hajiya, sannu."

Ƙanina ya share fuska da gefen riga ya ce, "Yauwa."

Muka ci gaba a hankali. Ba mu daɗe ba muka ga ɗakin budurwar nan, mun zagayo ke nan. Na ce alhamdu lillahi, mu kama hanyar gari.

Ƙanina ya ce, "Ba mu ji abin da ta ce za mu ji ba."

Na ce, "Wa?"

"Matar. Ta ce in mun kashe mota za mu ji. Ba ta ƙarasa ba."

Ni ba na son mu sake zagayawa. Na dubi ɗan Maraɗi ko zai ce mai ya yi ƙasa, ya kawar da kai. Na ce to. Muka fita ta ƙofa muka sake shiga. Budurwar ta bi mu da kallo tana dariya.

Wannan karon motar tafiya take kamar ta amarya. Matar ta samu sarari, ta ƙarasa duk zancenta, ƙanina yana juya mana. Bishiyar hagu, ashe ta fi duk na wurin tsufa ne, tun kafin a yi titin take nan, titin ne ya kauce mata. Ruwan da ke ƙasa an tare shi ne, daga cikinsa ake tura wa gari na sha. Ɗan Maraɗi ya ce ashe shekarun nan duka alwalar daji yake yi bai sani ba. Ta yi maganar gora, yadda take tsiro da sauri bayan ruwan sama. Ta yi maganar wani tsiro mai ganye kamar gashin kaza, ƙanina ya ce wannan ba shi da suna a Hausa, ya ce mu kira shi ciyawa kawai. Da ta ce akwai birai, ɗan Maraɗi ya ce 'yan'uwan Kanawa ne, ƙanina ya ce ai daga Maraɗi aka kawo irinsu. Rabon da in ji ya mayar wa wani magana na manta.

Muka iso wurin. Ɗan Maraɗi ya ajiye mota ya kashe.

Ƙanina ya ce, "Ta ce za ku ji ruwa yana gudu a ƙarƙashin duwatsu, ba a ganinsa. In kun yi haƙuri kuma akwai wani tsuntsu."

Ya buɗe ƙofa ya fita. Ya je bakin ƙarfen da aka kewaye wurin da shi ya tsaya, fuskarsa wajen itatuwa. Ni na buɗe tawa ƙofar, na sauke ƙafa ɗaya, na zauna haka. Na ji ruwan. Tsuntsun ban ji shi ba. Abin da na fi ji shi ne kukan ƙwari, kuma irin na can ne sak. Ni dai daji daji ne, ko an share shi an sa benci. Amma na zauna har ya gama tsayuwarsa.

Azahar ta yi a nan. Ɗan Maraɗi ya fito da kwali daga but ya farke ya shimfiɗa, ya nemo alƙibla da waya. Suka yi tasu, na yi tawa a bayansu. Wasu yara suka tsaya suna kallonmu, uwarsu ta janye su.

A hanyar komawa ƙanina ya yi barci. Bai ce min komai a kan gida ba, ni ma ban tambaya ba. Washegari ma haka. Ya fita ya dawo, ban san ko wajen mai siton ya je ba. Na haɗa jakata na bar tasa inda take.

Ana gobe za mu tashi, ina zaune ina ɗaure tsarabar mutane, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, bargon da muka saya wa Inna a jakarki yake ko a tawa zan sa?"

Na ce, "Sa a taka."

Da muka sauka Kano muka huta, muka je tasha da sassafe. Direban ya jira wasu motoci suka taru, don ba a shiga hanyar ɗai-ɗai. Na saka atamfata da takalmin roba. Ƙanina ya zauna wajen taga, bargon a cinyarsa. Da muka wuce gari na ƙarshe kowa ya yi shiru, masu carbi suka fito da shi, direba ya ba ta wuta.

Na dubi ƙanina. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya damƙe bargon. Na ɗauka zai zame ƙasa. Sai na ji yana magana a hankali, irin yadda matar nan take yi.

"A hagunki marke ne. A damanki ɗorawa ce, an sassare ta. Wancan da kike gani ƙirya ce, ita ce wadda..."

Muka wuce ta. Ya kama na gaba. Tsamiya, kaɗanya, wani rafi da ya ƙafe. Da muka zo daidai inda aka tare mu muryarsa ta ɗauke, sannan ta dawo. Ya ce, "A nan ba a tsayawa."

Wani mutum a gabanmu ya waiwayo ya ce, "Malam, lafiya kuwa?"

Na ce, "Ƙyale shi, aiki yake."

Bai daina ba sai da muka ga rufin gidajen garinmu.

Inna tana zaune a tsakar gida. Idonta ya yi rauni, don haka da hannu ta duba shi, fuska da kafaɗa da hannuwa. Ta ce ya rame. Ya lulluɓa mata bargon duk da zafin da ake yi, ta bar shi a jikinta.

Bai dawo Kano tare da ni ba. Yana can har yau, ya kafa tebur a ƙofar gida, yana rubuta wa mutane takarda in sun buƙata, shi yake kai Inna ɗakin magani. Hanyar ya bi ta sau ɗaya, bai sake ba, ni kuma ban matsa masa ba. Yanzu ni kaɗai nake zuwa Gwanzu. Waya ce take min tafinta, rabin abin da take faɗa ba na ganewa, a filin jirgi sai in bi bayan wanda na ga ya san hanya.

Duk zuwan da na yi, in kwantena ta tafi, ɗan Maraɗi sai ya ce, "Hajiya, mu tahi lambu?"

In ce masa, "Meyo."